BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: TANADIN GAGGAWA GA MAI RIƘON IYAYE TSOFAFFI

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar a wajen karatun mako-mako bayan sallar Magariba. Mun kawo shi ga masu karatu saboda muhimmancinsa.



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku malamaina da iyayena da 'yan'uwana, da kuma iyayenmu mata da ke saurare daga bayan labule, an umurce ni da in yi magana a kan wani ɓangare na haƙƙin iyaye. Malamai sun sha karantar da mu cewa a cikin Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah Ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Shi da bauta, sa'an nan Ya keɓance lokacin tsufansu da ambato. Wannan fage na malamai ne, ba zan shige shi ba. Abin da ya kawo ni shi ne abin da idona ya gani a wurin aiki, watau halin da iyali kan shiga a daren da tsoho ya faɗi.

Wata rana ina aikin dare, wajen ƙarfe 3, aka shigo da wani dattijo, 'ya'yansa maza huɗu suna ɗauke da shi. Na tambaye su yaushe abin ya fara. Babbansu ya ce tun bayan la'asar bakinsa ya karkace, suka ɗauka iska ce ta buge shi. Na ce wane magani yake sha? Sai suka shiga kallon juna. Ɗaya ya ce wata farar ƙwaya ce, tana gida cikin leda. Na ce an ba shi wani abu ta baki? Suka ce an ɗura masa ruwa da jiƙo, ya yi ta sarƙewa. Kuɗin da za a yi gwaji kuwa sai da gari ya waye aka harhaɗa. Wallahi 'ya'yan nan suna son ubansu, na ga hawayensu da idona. Abu guda ya kuɓuce musu, shi ne tanadi. Don haka maganata a yau ba ta wuce wannan ba: yin tanadi tun kafin rana ta ɓaci yana daga cikin biyayya ga iyaye.

TANADI DA TAWAKKALI

Na san akwai wanda zai ce a ransa, ai ajali ba ya jinkiri, kuma shirya wa ciwo tun bai zo ba kamar yi wa tsoho fatan sharri ne. To, gaskiya ne ajali yana hannun Allah, amma riƙon sababi umurni ne. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da taguwarsa, aka umurce shi da ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara ga Allah. Haka nan Sayyidina Umar (R.A.), da ya doshi ƙasar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, sai ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a, ya kuma bayyana cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya ajiye kuɗin asibiti da lambar direba bai fi su Umar sanin tawakkali ba, kuma bai saɓa musu ba.

Har ila yau, ina jan hankalinmu game da ɗabi'ar danganta kowace faɗuwa ta farat ɗaya ga iska ko sammu, har a kwana ana neman mai tsibbu alhali jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Addu'a da ruƙya ta shari'a ba su hana tafiya asibiti. Ana iya yin su a cikin mota ana tafe.

ABUBUWA HUƊU DA ZA A TANADA TUN YAU

Na farko, takarda. A sami takarda guda a rubuta sunan tsoho da shekarunsa, da cututtukan da likita ya tabbatar yana da su, da sunan kowane magani da yawan da yake sha da lokacin sha, da maganin da jikinsa ba ya karɓa in akwai, da rukunin jininsa, da lambar katinsa na asibiti. A ƙasa a jera lambobin wayar 'ya'yansa. A yi ta biyu, ɗaya a manna a bangon ɗakinsa, ɗaya a sa cikin jaka. A cikin jakar nan a ajiye katin asibiti da sakamakon gwaje-gwajen baya, da magunguna a cikin kwalayensu na asali, da tufafi kala biyu, da zane, da tocila, da abin cajin waya. Kowa a gidan ya san inda aka rataye ta.

Na biyu, kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Yana da kyau mu san wannan haƙƙi namu. Amma duk da haka magani da gwaji da hoto da man mota duk kuɗi suke ci. Mu tuna farkon shekarar 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda mutum yana da dukiya a banki amma ya rasa abin da zai ba mai a-daidaita-sahu. Saboda haka 'ya'ya su zauna su yanka wa kansu abin da kowa zai riƙa sawa duk wata gwargwadon ƙarfinsa. Wani kaso ya zauna a banki, wani kuma a hannu, a wurin amintacce guda, kada a taɓa shi don biki ko suna.

Na uku, abin hawa da hanya. Wace mota za ta ɗauki Baba da ƙarfe 2 na dare? A yi magana da maƙwabci mai mota da mai a-daidaita-sahu na unguwa tun yanzu, a karɓi lambobin mutum biyu ko uku. Lambar gaggawa ta ƙasa a Nijeriya ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta; a koya wa yara ita, amma kada a dogara da ita kaɗai. Sa'an nan a bincika wane asibiti ne mafi kusa da ke aiki dare da rana, kuma wanne ne yake da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, domin kada a ɓata awa biyu ana yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Na huɗu, mutane da izini. Wannan shi ne wanda aka fi sakaci da shi. A yawancin gidajenmu wadda ke tare da tsohuwa da rana ita ce matar ɗa, maigida yana kasuwa ko ya yi tafiya. Na sha ganin an zauna da mara lafiya awa biyar ana jiran maigida, domin matar tana tsoron fita ba da izninsa ba. Ya kai maigida, ka kira iyalinka yau ka ce mata: duk ranar da Inna ta faɗi, na ba ki izini ki fita da ita, kada ki jira ni. Ka nuna mata jakar da kuɗin da lambobin. Haka kuma 'yan'uwa su amince da mutum guda da zai sa hannu idan likita ya nemi yin aiki, kada a tsaya gardama a bakin ɗakin tiyata. In ba a sami likita mace ba, malamai sun yi bayani cewa lalura tana halatta namiji ya duba mace gwargwadon buƙata. A sanar da tsohuwa wannan tun tana cikin hayyacinta, don kada kunya ta hana ta yarda.

GYARAN GIDA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. A gidajenmu wurin faɗuwa sananne ne: hanyar makewayi da asuba, lokacin da tsoho ya fito alwala cikin duhu, ga santsin gansakuka, ga dokin ƙofa, ga buta da turmi a tsakar gida. A kankare santsin, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari a bangon makewayi don ya riƙa dafawa, a ajiye masa fitila kusa da shimfiɗa, a kawar da tarkace daga hanyarsa. Wanda tsugunno ya gagare shi a samar masa kujerar bayan gida. A tuna masa kuma cewa shari'a ta yi masa sauƙi, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini (R.A.): wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, wanda zama ya gagara ya yi a kishingiɗe.

Lokacin hunturu kada a shigar masa da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, kada kuma a tayar da janareta a zaure ko kusa da tagarsa. Iskar da ke fita daga gawayi da janareta ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin nan ne rai yake.

Shanyewar ɓarin jiki. Alamominsa uku ne masu sauƙin ganewa: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe guda ta mutu, magana ta sarƙe ko ta ɗauke. Ka ce masa ya yi murmushi, ya ɗaga hannayensa biyu, ya faɗi sunansa. In ɗaya ya gagara, ka dubi agogo ka riƙe lokacin, ku kama hanya. Akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya, amma ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar ciwon, bayan an ɗauki hoto. Kada a ba shi ruwa ko kunu ko jiƙo, domin maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin zai gangara huhu. Kada a ba shi asfirin, domin wani shanyewar daga fashewar jijiya yake, asfirin kuwa ƙara zubar jinin zai yi. Kada kuma a ninka masa maganin hawan jini. Ko da alamomin sun wuce bayan 'yan mintoci, a kai shi a ranar, domin gargaɗi ne.

Ciwon zuciya. Nauyi ko matsi a ƙirji wanda ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da haki. Sau da yawa akan ce gyambon ciki ne, a ba da maganin olsa a kwanta. Tsofaffi da masu ciwon sukari wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sam, sai dai haki da gumi da kasala ta farat ɗaya. A zaunar da shi a jingine, kada ya taka da ƙafarsa zuwa mota. A tambayi likitansa tun yanzu ko ya halatta a ba shi asfirin ya tauna a irin wannan hali.

Faɗuwar sukari. Wannan yakan sami mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar rage sukari idan ya sha magani bai ci abinci ba. Za a ga gumi da rawar jiki da ruɗewa, wani har ya riƙa faɗa ko surutai. In akwai na'urar gwaji aka ga ya gaza 70, ko babu na'ura amma alamun sun bayyana kuma yana iya haɗiya, a dama sukari ƙaramin cokali 4 a ruwa a ba shi, a jira minti 15, in bai dawo daidai ba a ƙara, sa'an nan ya ci abinci. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai, sai asibiti.

Karaya. Idan tsoho ya faɗi ya kasa tashi, yana kukan ƙugu, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, to, a ɗauka ƙashin ƙugu ya karye. Kada a ja ƙafar, kada a tsayar da shi. A shimfiɗa shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako a ɗauke shi a haka. Irin wannan karaya tana can ciki, karan ɗori ba ya kai gare ta, kuma doguwar kwanciya ita ke jawo gyambon baya da ciwon huhu. In kansa ne ya bugu, sa'an nan ya fara amai ko yawan barci ko ruɗewa, ko da bayan kwanaki ne, a kai shi.

Shaƙewa da abinci. In loma ta tsaya masa ya kasa magana da tari, a sunkuyar da shi gaba, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5. In ba ta fito ba, a tsaya ta bayansa, a haɗa hannu a saman cibiyarsa, a matsa ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa.

Riƙewar fitsari. Dattijo namiji ya wuni fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura tana ciwo. Da yawa suna ɓoyewa saboda kunyar 'ya'yansu. A asibiti roba ake sawa, nan take ya sami sauƙi, jinkiri kuwa yana lalata ƙoda. Ɗa namiji ya saba tambayar mahaifinsa wannan a keɓe, cikin ladabi.

Suma. Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a zuba masa ruwa a baki, kada a cusa cokali. In numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti guda, har taimako ya zo. Wannan aiki da hannu ake koyonsa, jin bayani kawai ba ya wadatarwa.

Daga ƙarshe, duk tsohon da ya kwana lafiya ya tashi a ruɗe, bai san inda yake ba, kada a ce ruɗin tsufa ne. Ruɗin tsufa a hankali yake zuwa. Na farat ɗaya kuwa sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma duk suna da magani.

ZAFI DA AZUMI DA AMBALIYA

A farkon Afrilun 2024, cikin watan Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma wani babban asibiti a Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana 4, kimanin rabinsu sun haura shekara 60. Bazararsu irin tamu ce. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, a fitar da shi daga ɗakin kwano da rana zuwa inuwa mai iska. In gudawa ko amai ya kama shi, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ya riƙa kurɓa ana shirin tafiya asibiti.

Iyayenmu suna da zafin ibada, da wuya su yarda su ajiye azumi. A kai mai ciwon sukari ko ƙoda ko zuciya wurin likita tun watan Sha'aban. Likitoci sun yi bayani cewa mai ciwon sukari ya karya azumi idan awonsa ya gaza 70 ko ya haura 300. A roƙi malamin da tsoho yake jin maganarsa ya zo ya tuna masa cewa Anas ɗan Malik (R.A.), wanda ya yi wa Manzon Allah (S.A.W.) hidima shekara 10, da tsufa ya kama shi ya sha azumi ya ciyar da miskinai.

Mu tuna kuma da watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Duk wanda gidansa ke kusa da kogi ko kwari, ya san tun yanzu wa zai goya tsohuwa, ina za a kai ta, kuma a riƙa ajiye maganin akalla mako 2 a jakar nan da muka ambata.

WASIYYA DA BASHI

Akwai tanadin da ya wuce na asibiti. Shanyewar jiki tana iya ɗauke magana cikin minti guda, mutum ya rayu shekaru bai iya faɗin wanda yake binsa ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Hadisin Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya jinkirta rubuta ta, hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) kuma ya iyakance ta ga sulusin dukiya. A zauna da tsoho ranar da yake cikin nishaɗi, a rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa, da inda takardun gida da gona suke, a gaban shaidu. In ɗa yana jin nauyin tayar da maganar, ya fara rubuta tasa ya nuna wa mahaifinsa, ko ya nemi aminin mahaifin ya yi masa jagora.

KIRA GA JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon kwamitin wannan masallaci da ya rubuta sunayen masu motar da suka yarda a tashe su da dare, da ma'aikatan lafiya na unguwa, da matasan da suka san rukunin jininsu kuma suke shirye su bayar. 'Yan agajinmu su nemi a koya musu danna ƙirji da ɗaukar mai karaya, a kuma shirya wa mata nasu darasin, domin su ne a gida. A binciko tsofaffin da ba su da kowa a kusa, a raba su a tsakaninmu. Kada kuma a bar wa mace ɗaya jinya dare da rana. A karɓe ta ta huta, a gode mata, domin in ta kwanta su biyu ke nan.

Kafin mu sake haɗuwa mako mai zuwa, kowa ya rubuta takardar nan, ya rataye jakar nan, ya yi magana da iyalinsa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, Ya sa mu gama da su lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina neman gafararSa.